Salansar da Na Sa wa Babur ɗin Hobart

Litinin, 18 ga Maris

Yau ma Marlee ba ta zo cin abinci ba. Na dafa wake, na gasa burodin masara, na ajiye mata nata a tanda har ya bushe, ko kare aka jefa da shi sai ya yi kuka. Wai tana gidan Nana Verna.

Nana. Ni da na raini yarinyar nan tun tana shekara shida, uwarta, wato 'yata, na can Charleston tana aikin asibiti, ni da na tsefe mata kwarkwata har sau biyu, ni "Mamo" ce, a gajarce, kamar ana kiran akuya. Ita kuwa Verna, kakarta ta wajen uba, shekara goma sha shida tana Ohio tana aiko kati duk Kirsimeti. Mijinta ya rasu, ta tattaro ta dawo kwarinmu a watan Oktoba, shi ke nan ta zama zuma.

Ba kishi nake ba. Rubutawa kawai nake don kada na manta.

Laraba, 20 ga Maris

Ta zo. Kai tsaye daga garejin Dewey, inda take aikin kanikanci, hannu duk baƙin mai, ta zauna ta share kwano biyu. Ina ta murna har ta buɗe baki.

Ashe abin da ke tsare ta a can, babur ɗin Verna ne. Ja, mai ƙafa huɗu, na hannu ta saya amma sai sheƙi yake kamar an lashe shi. Marlee tana ƙara masa ƙarfi. Abu uku, ta lissafa mini da cokali a hannu: sabuwar salansa, sabuwar matatar iska, da akwatin wuta, wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka. Wai na kamfani riƙe injin yake kada ya wuce iyaka, wannan kuwa sakinsa yake yi.

"Mamo, inji kamar mutum ne," in ji ta. "Ya shaƙa da kyau, ya sami wuta a kan lokaci, ya fitar ba a toshe shi ba."

Na ce ni ma duk ukun ina bukata, ba wanda ya saya mini ko ɗaya. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ɗauka wasa nake.

Ina Verna za ta da ƙarin gudu? Mace mai shekara sittin da takwas, da gashin da ta rina kalar karas. Daga baranda zuwa akwatin wasiƙa.

Asabar, 23 ga Maris

Sun gwada shi. Tun daga kicin nake ji. Ba ƙarar hauka ba ce, wani gurnani ne mai kauri kamar na babban kare da ya ƙoshi. Na leƙa ta labule. Marlee ce ke tuƙi, Verna a baya ta rungume ta, hular kwanonta har da furanni a jiki. Suka ɗaga mini hannu. Na yi kamar ƙura nake kakkaɓe wa labulen.

Bayan sun wuce na fita rumfa na duba namu, koren babur ɗin mijina Hobart, wanda Marlee ke kira Papo. Shekara ashirin da ɗaya, kujera an liƙe ta da salatif, salansa ta yi tsatsa, ƙararsa kamar tsoho yana gyaran murya kafin addu'a. Shekara huɗu da rasuwar mai shi, safar hannunsa tana nan a akwatin baya.

Lahadi, 24 ga Maris

A coci Verna ta zauna a bencinmu, gefen da Marlee take. Ta ce, "Glenna, rigar nan tana karɓarki, ina tuna ta tun bikin yaran." Bikin yaran shekara ashirin da huɗu ke nan. Na ce, "Na gode, Verna, ke ma gashinki na bana ya fi na bara."

Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri. Ban ji alamar da ni yake ba.

Talata, 26 ga Maris

Ga shi nan ya fito fili.

Asabar ta biyu ta Afrilu tamu ce, ni da Marlee, tun tana da giɓi. Mu hau dutse mu haƙo albasar daji ta cin abincin coci, mu ci abincin rana a kan kututture, mu sauko muna wari. Wurin Hobart ne, can saman Hawan Tolliver, bayan tsohon ramin kwal. Shi ya nuna mini shekarar aurenmu, ni na nuna wa yarinyar, daga nan ba kowa. Ko yayana Burl bai sani ba, shekara arba'in yana bin sawuna kamar karen farauta mai mura.

Yau tana wanke kwano, ta juya mini baya don kada ta ga fuskata, ta ce, "Mamo, bana mu hau na Nana. Bara kin ga sai da na sauka na tura. Nata zai haye da ku biyu, ni na aro na Dewey na biyo ku."

Ku biyu. Wato Verna za ta zo. Wato Verna za ta ga wurin.

Na ce wurin ba kasuwa ba ne. Ta ce Nana ba ta da kowa a nan, kuma kullum tana tambaya. Na ce ni ma ba ni da kowa, sai dai ba na tambaya.

Sai na sauke kaina ƙasa, abin da ban saba ba. Na ce, "To ki yi wa nawa irin abin da kika yi wa nata mana. Ya haye da mu biyu kamar da."

Ta tsaya da soso a hannu. "Na Papo ba a taɓa shi. A bar shi yadda yake."

A bar shi yadda yake. Haka likita ya ce game da gwiwata, ma'ana ba ta cancanci wahala ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Ba ta zo ba. Na cinye nata.

Juma'a, 29 ga Maris

Na je wurin Burl. Yana rumbu yana zagin injin yankan ciyawa. Na gaya masa a kunnen da ke ji, wanda ramin kwal ya bar masa. Ya ce, "Salansa? Wannan ai ko makaho zai ɗaura, Glenna. Kusoshi huɗu ne. Yarinyar nan don ta je kwas na wata shida sai ta mayar da abin kamar aikin tiyata."

Ya ɗauko littafin kayan gyara da ake aiko masa, muka zaɓa da yatsa. Na ce ina son salansar da ta fi ta Verna baki. Ya buga waya ya yi oda, yana ihu kamar mutumin yana tsallaken kogi. Duk ukun: salansa, matata, akwatin wuta. Na kai babur ɗin rumbunsa, na bar shi can. In Marlee ta tambaya, Burl ya ara zai ɗauko itace.

Ranar Asabar ɗin zan tsaya a ƙofar gida a kansa, na murɗa totur, na ce, hau mu je, 'yar nema. Mu biyu. Na riga na gwada yadda zan faɗa a gaban madubi.

Laraba, 3 ga Afrilu

Kaya sun iso. Wuni guda muka yi, ni da Burl, kamar barayi biyu masu ciwon baya.

Tsohuwar salansa ta ƙi fita sai da ya bi ta da guduma. Sabuwar fara ce fat, za ka iya duba haƙoranka a jiki. Akwatin wuta ba wuya, cire wannan soka wancan. Matatar iska ja ce, mai laushi kamar burodi. Burl ya ce murfin akwatin iskar ma shaƙe injin yake, ya ɗauko abin huda ya yi masa ramuka tara. Ya so ya yi goma sha biyu, na ce ba rariya nake nema ba.

A ƙasan kwalin akwai wata 'yar leda da ƙananan abubuwa na tagulla guda biyar, kamar kusoshi masu huda a tsakiya, da takarda mai rubutu kamar ƙafar sauro. Tabarau ɗina na gida, na Burl ya zauna a kansu tun Fabrairu. Ya jujjuya ledar ya ce, "Ƙari ne. Kullum suna sa ƙari, don wawayen da ke zubarwa." Na sa a aljihu. Suna da kyau, na zuba su a gwangwanin maɓallai.

Sai muka tayar.

Ubangiji. Kajin Burl suka watse, tattabaru suka fice ta rufin, shi kansa Burl ya ce ya ji da kunnen da ya mutu. Na zauna a kai ina jin ƙarar har cikin haƙarƙarina. Na Verna kyanwa ce.

Asabar, 6 ga Afrilu

Kwana uku ina yawo a hanyar bayan gonar Burl. Yana fizga. Da na murɗa sai ya zabura kamar an tsikare shi, har hulata ta faɗi sau ɗaya. In na saki totur a gangara sai ya riƙa fat-fat-fat kamar ana soya gugguru. Burl ya ce alamar lafiya ce. Wuyan salansar ya koma shuɗi da ruwan zinariya, abin sha'awa, ban san da kwalliya suke zuwa ba. Ƙafata ta dama tana ɗan gasuwa, amma da sanyin safiya ba laifi.

Shekara saba'in da ɗaya, yau na kori barewa.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Marlee ta zo bayan coci, ita kaɗai, abin mamaki. Muna cin soyayyen dankali ta ce, "Mamo, kina jin wani mahaukaci kwanan nan ta bayan tudu? Wani ya sa salansa bai canja jet ba. Ji yadda yake tari in ya saki. Injin nan ba zai ga ƙarshen wata ba." Ta girgiza kai. "Maza ke nan. Ƙara kawai suke so."

Na ce ai kuwa, maza sai haƙuri. Na ƙara mata dankali.

Mene ne jet? Ba zan iya tambayarta ba. Ta tambayi babur, na ce Burl bai gama da itace ba. Ta dube ni kaɗan. Ta ce har yanzu maganar Asabar tana nan, Nana har ta sayi takalmin hawa dutse. Takalmi. Sabo. Don wurin Hobart.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na tambayi Burl. Ya ce surutun 'yan kwas ne, shi ya yi shekara talatin da injuna a ƙarƙashin ƙasa, ba injin da ya mutu a hannunsa sai guda uku.

Laraba, 10 ga Afrilu

Gobe zan gwada Hawan Tolliver ni kaɗai. In ya haye da ni da buhun masarar kaji a baya, zai haye da ni da Marlee, nauyinsu ɗaya. Hanyar ta gaban gidan Verna take bi. Ba ni na shimfiɗa ta ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu



Na tashi ƙarfe tara. Verna tana baranda da kofin shayi da rigar barci mai ruwan hoda. Na rage gudu daidai ƙofarta, na murɗa sau biyu, fat-fat-fat, na ɗaga mata yatsu biyu kamar sarauniya. Bakinta a buɗe. Wannan minti ɗayan, Allah na tuba, ya yi mini daɗi.

Rabin farko ya haye kamar akuya. Ina ta magana da Hobart a raina, ka gani, tsoho, ka gani. Daidai inda hawan ya miƙe, wurin duwatsun nan masu santsi, na murɗa har ƙarshe na riƙe. Sai na ji wani ƙas-ƙas a ciki kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙarfi ya tafi. Wani wari, ba na mai ba, na ƙarfe da ya ƙone. Ya yi tari ɗaya ya mutu.

Na danna birki, na sa dutse a bayan taya. Na danna abin tayarwa, ya juya ba nauyi, kamar ana kaɗa cokali a kofi babu komai.

Waya ba ta kamawa a can, kowa ya sani. Gwiwata ba za ta sauko mil uku a kan wannan santsin ba. Na zauna a kan buhun masara. Tsuntsaye suna ta harkarsu. Na yi kuka kaɗan, na haushi, ba na komai ba.

Wajen sha ɗaya da rabi na ji gurnanin nan mai kauri yana hawowa a hankali, a hankali, kamar mai tuƙin yana addu'a. Ja. Hular furanni. Da zan iya shiga ramin kwal da na shiga.

Verna ta tsaya, ta kashe. "Na ji kin hau, ban ji kin sauko ba," in ji ta. "Da irin ƙarar nan, Glenna, shirunki ma har Kentucky an ji shi."

Na ce hutawa nake.

"To ki huta a bayana."

Na hau. Na riƙe ƙugun Verna. Ni. Tana warin hoda da man gashi. Kuma babur ɗin, a nan kawai zan faɗa, ba ya fizga, ba ya tari, sai ja kawai yake kamar ana zare zare. Yarinyar ta iya aiki. Wa ya raine ta?

A gangara tana ta birki har na ce ko katantanwa za ta nemi hanya ta wuce mu. Ta ce, ba ta juyo ba, "Tsoronsa nake ji. Ban taɓa hawa nan ni kaɗai ba."

Na ce to me ya kai ki saya, har da ƙarin ƙarfi?

Muka wuce rafi. Sannan ta ce, "Me zan ba ta ta zo gidana? Wake na dafa, ta ce ba haka Mamo take yi ba. Labari na ɗauko, ta ce Mamo ta ba ta wanda ya fi shi. Ke kin samu shekara goma sha shida. Ni hotuna na samu a jikin firji. Sai na ga in akwai abin kwancewa a rumfata, za ta zo."

Ƙura ta shiga mini ido.

Ta sauke ni a ƙofa. Ta ce ba za ta gaya wa Marlee ba. Na ce babur na tsaye a tsakiyar Hawan Tolliver da farar salansa kamar fitila, wa zai ɓoye?

Juma'a, 12 ga Afrilu

Marlee da Dewey suka sauko da shi da igiya. Dewey ya ajiye ya gudu, mai hankali.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta cire fulogi ta nuna mini, fari kamar alli, bakinsa ya narke. Ta haska cikin ramin da tocila, ta daɗe tana kallo. Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya huje. Ta ɗaga murfin akwatin iska ta ƙirga ramukan Burl da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wata 'yar leda a kwalin?"

Na shiga na ɗauko gwangwanin maɓallai. Ta tona, ta tsamo su daga cikin maɓallan rigunan kakanta, ta jera a tafin hannu. Su ne jet. A cikin kafireta ake sawa, hudar ta fi ta da girma, don mai ya ƙaru daidai da iska.

"Kin ƙara masa iska, kin buɗe masa hanya, kin ƙara masa wuta, kin hana shi mai," in ji ta. "Yunwa ce ta ƙone shi. Sati guda yana gaya miki."

Na ce Burl ne ya ce... Ta ɗaga hannu.

"Na ce miki kada a taɓa."

Na ce na ɗauka nufinta bai kai a ɓata masa lokaci ba, kamar mai shi.

Nan ta dube ni. Idonta irin na Hobart in ya ji haushi, ba ya ƙiftawa. "Papo ne ya saita kafiretan nan da hannunsa, watan da ya kwanta. Ni na riƙe masa sukundireba. Duk safiyar da kika tayar da shi, daga ɗakina nake ji, sai in ga kamar yana waje. Na Nana ƙarfe ne kawai, ko me na ga dama zan yi masa."

Shekara huɗu ba ta taɓa faɗa ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na ce gobe fa? Ta zuba jet ɗin a aljihun wandonta. "Ku je. Ni ba zan hau ba."

Burl ya bugo waya ya ce kayan zamani ne ba su da ƙwari. Na kife masa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na shirya abincin mutum biyu tun asuba, hannu ne ya saba. Na zauna a baranda har takwas ina kallon hanya. Motarta ba ta fito ba.

Coci na jiran buhu huɗu, na yi wa matar fasto alkawari. Takwas da rabi na taka zuwa gidan Verna. Tana zaune da sabon takalminta a ƙafa, an ɗaure igiya tsaf, kamar yarinyar da aka manta a makaranta. Na ce, "Ni zan tuƙa. Ke in kika tuƙa sai albasar ta yi fure." Ta miƙo makulli.

Ya haye Tolliver da mu biyu bai ko yi nishi ba. Na ji haushin hakan.

A bakin ramin kwal na tsaya na sa ta ɗaga hannu ta rantse. Ta ce da me? Na ce da gashinta na asali, duk inda yake. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ban san tana dariya haka ba, kamar agwagwa.

Wurin ya yi kore shar bana, har gindin manyan itatuwan. Ta tsaya ta kama baki. Sai ta durƙusa ta finciko guda shida da saiwa gaba ɗaya. Na buge mata hannu. A kowane cunkus ɗaya ake ɗauka, a yanka sama da saiwa, a mayar da ƙasa a rufe. Shekara bakwai kowace guda take yi kafin ta kai haka. Ta ce a Ohio a leda suke saya. Na ce an gani.

Mun cika buhu uku da rabi. Mun ci abinci a kan kututture. Ta zauna a mazaunin Marlee, ba inda za ta zauna sai nan. Na ba ta labarin ranar da Marlee tana shekara takwas ta ci ɗanya guda goma, malama ta koro ta daga aji kwana biyu saboda wari. Verna ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce wane kaya ta sa a ranar? Wa ke tambayar wannan? Amma na tuna. Rigar sanyi mai ruwan ɗorawa.

Duk wunin ina juyawa in ce, Marlee, kalli wannan. Ba kowa sai mai kan karas.

Shekara goma sha shida ba mu taɓa fashi ba. Ni na karya, ba Verna ba. Na rubuta, ba zan sake rubutawa ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bencinmu ni da Verna kawai, mutane sun bar mana fili gaba da baya saboda wari. Marlee ta zauna can baya wurin ƙofa, ta fita kafin waƙar ƙarshe.

Talata, 16 ga Afrilu

Ƙarfe biyu na ji motsi a rumfa. Marlee ce, ta shimfiɗa jaridu, ta kwance injin gunduwa-gunduwa. Ba gaisuwa. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aiki. Can ta turo mini roba da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Na ja kujera na fara wanke ƙarafa.

Awa guda ba magana sai "miƙo sifana sha biyu", "ba wannan ba, wancan".

Ta tambayi tsohuwar salansa. Na ce Burl ya tokare ƙofar kaji da ita. Ta rufe ido. Na ce na riga na karɓo jiya, tana bayan gida, ta ɗan lotsa ta wajen guduma. Ta je ta ɗauko, ta shafa, ta ajiye kusa da ita.

Na ce zai yi ƙara irin ta da?

"Ban sani ba, Mamo. Sabon fistin ne. Zan gwada."

Mamo. Tun Juma'a ban ji ba.

Wajen biyar ta goge hannu ta shinshina iska ta ce, wake ne? Wake ne, da albasar, da burodin masara a tanda. Ta nufi famfo za ta wanke hannu ta shigo.

Na ce kaɗan na dafa, ba zai ishe mu ba. Na ce ta wuce gidan Nanarta, na ji Verna tana cewa za ta soya tata albasar yau, kuma in ba a tsaya a kanta ba ƙonawa za ta yi, asarar wahalata.

Ta dube ni, ta dubi tukunyar ta taga. Babbar tukunyar ce, kowa ya san ta. Ta ɗauki jaket ɗinta.

Na ci ni kaɗai. Saura ya yi yawa, zai kai Juma'a.

Gobe za ta dawo da fistin.